Koyar da Mai Jin Yunwa: Jinƙai Ne Ko Ba'a?

A ƙasar Hausa yau da wuya ka sami asibiti, ko da ɗan ɗakin shan magani ne na ƙauye, inda ba a tara mata ranar awo a yi musu bayani a kan abinci mai gina jiki. Malamar asibiti takan ɗaga hoto mai ƙwai da kifi da wake da ganye, ta ce ga abin da jikin yaro yake bukata, ga kuma yadda za a dafa shi. A majami'unmu ma zumuntar mata sukan gayyato ma'aikaciyar lafiya ta yi musu irin wannan koyarwa. Ba mai cewa aikin banza ne. Amma akwai tambayar da takan tsaya wa mai tunani a rai. Cikin matan nan da suke zaune a kan benci suna kallon hoton ƙwai, akwai wadda ta baro gida ba ta hura wuta ba, gama ba abin da za ta ɗora. Idan muka tsaya gabanta muna lissafa mata abincin da ba ta da shi, jinƙai muka yi mata, ko kuwa ba'a?

Wannan tambaya ta shafi lamirin kowane mai bi, musamman mu da aka danƙa wa aikin koyarwa cikin ikilisiya. Bari mu duba ta da natsuwa, mu saurari kowane gefe, sa'an nan mu ga inda gaskiya ta kwanta.

Hujjar masu suka

Masu suka sukan ce matalauci ba jahili ba ne, kuɗi ne ba shi da su. Suna kuwa da babbar shaida cikin abin da ya faru a Nijar a shekarar 2005. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a wurare da dama. Kafin tsakiyar damina ta gaba kuɗin buhun gero ya ninka abin da aka sayar da shi da kaka, kuɗin dabbobi kuwa ya faɗi, har mutum ya kai akuya kasuwa ya kasa komowa da hatsin kirki. A shekarar nan ƙungiyar likitocin MSF ta yi jiyyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, yawancinsu a jihar Maraɗi. Abin lura shi ne, Maraɗi ba hamada ba ce. Ita ake kira rumbun ƙasar, yara da yawa kuma sun fito ne daga kudancinta, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, inda ruwan sama ya fi wadata. Hatsi yana nan jibge a kasuwa. Iyayen yaran nan sun san gero, sun san wake, sun san nono. Abin saye ne ba su da shi.

Abin da ya tashi yaran kuwa abinci ne. Wani ɗan ƙunshi ne mai suna Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, haɗin niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran bitamin. Uwa takan karɓa ta tafi gida ta riƙa ba ɗanta, cikin 'yan makonni ka ga yaron da ya kasa zama yana rarrafe. Har yanzu kuwa maganar ba ta ƙare ba. A watan Yuli na 2025 MSF ta sanar cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, a lokacin da tsadar abinci da rashin tsaro suka matsa wa mutane, kuɗin agaji daga ƙasashen waje kuma suka ragu.

Manzo Yakubu ma yana bayan masu sukan nan. A sura ta biyu ta wasiƙarsa ya tsawata wa mai bin da zai ga ɗan'uwa cikin rashin sutura da abinci, ya sallame shi da fatan alheri kawai. Ya nuna irin wannan bangaskiya ba ta da rai. In fatan alheri a bakin mai hannu rufe ba shi da amfani, to, lacca a kan abinci a bakinsa fa? Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Uwar da ta kwana da yunwa, ko kunnen sauraro ba ta da shi.

Rashin sani ma yana kashe yara

Duk da haka, in muka ce a daina koyarwa sai kowa ya ƙoshi, za mu binne yaran da ba talauci ne ya kashe su ba. Akwai gidajen da rumbu yake cike, awaki suna ɗaure, kaji suna yawo, amma ƙaramin cikinsu ya rame, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura. Me ya kawo haka?

Ku duba abin da muka gāda. Jariri ya faɗo, sai tsofaffi su ce a matse dakashi a zubar, wai ba shi da kyau, alhali kuwa shi ne rigakafin farko da Allah ya tanada wa yaro. Ana ɗura wa ɗan wata biyu ruwa saboda zafin rana, ruwan kuwa shi ke kawo zawo. Ana hana yaro ƙwai, wai kada ya zama ɓarawo. In uwa ta yi ciki tana goyo, abin da muke kira kwanika, sai a cire yaron daga nono rana ɗaya a kai shi gidan kaka, a bar shi da kunu tsararo. Wannan na ƙarshe ba mu kaɗai muka san shi ba. Wata likita 'yar Jamaika mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Akara ta ƙasar Gana, ta rubuta a 1935 a kan ciwon kumburin nan na yara, ta kira shi da sunan da mutanen Ga suke kiransa, watau kwashiyoko, ciwon yaron da aka ture saboda ƙane yana tafe. Mutanen gari sun riga likitoci ganin lokacin da ciwon yake zuwa. Abin da suka rasa sani shi ne, nonon mai ciki ba guba ba ne. Cire yaron daga nono ba tare da abincin da zai maye gurbinsa ba, shi ne ciwon.

Koyarwar da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa a kan wannan gajeriya ce, yawancinta kuma ba ya cin ko kwabo. A sa jariri a nono cikin sa'a guda bayan haihuwa. A ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙara masa. Daga nan a soma ba shi abinci mai kauri sau 2 ko 3 a yini, in ya kai wata 9 a mai da shi sau 3 ko 4, nono kuma ya ci gaba har shekara 2 ko fiye. Dalilin yawan ba shi abinci shi ne, cikin yaro ƙarami ne. In ka cika shi da kunu mai ruwa-ruwa ya ƙoshi a ido, amma jikinsa bai sami kome ba. Kunun nan kuwa, in aka dama shi da kauri aka sa masa garin ƙuliƙuli, ko garin wake, ko dakakken busasshen kifi, da ɗan cokalin manja ko man gyaɗa, ya zama wani abu dabam. Zogale, rama, kuka, alayyaho, kabewa, gwanda, mangwaro, daddawa, awara, har farar da yara suke kamawa, duk suna kewaye da mu, masu ilmin abinci kuma sun tabbatar suna gina jiki.

Akwai wani labari daga ƙasar Biyetnam da ya nuna ƙarfin wannan sani. A farkon shekarun 1990 Jerry Sternin da matarsa Monique suka je aikin yaƙi da tamowa a ƙauyukan ƙasar. Suka sa aka auna yara, sa'an nan suka nemi gidajen matalauta ƙwarai waɗanda yaransu suke da lafiya, don su ga abin da suke yi dabam. Suka tarar iyayen nan mata suna tsintar ƙananan jatan lande da ƙaguwa a fadamun shinkafa, suna haɗawa da ganyen dankali cikin abincin yaro, suna kuma ciyar da shi sau da yawa a yini. Abincin yana nan kyauta ga kowa, maƙwabta ne kawai suke ganin bai dace da yara ba. Da aka tara mata suna dafawa tare, kowace tana kawo ɗan abin da ta tsinto, sai yara suka soma ƙiba a gaban idon iyayensu. Talaucinsu ɗaya ne da na maƙwabta, sani ne ya raba su. Ashe hana matalauci sani, wai don tausayinsa, shi ma wani irin reni ne, gama ka ɗauka ba abin da zai iya yi wa kansa ke nan.

Wa ke buɗe rumbu?

To, ga hujja a dama, ga hujja a hagu. A ganina duka biyu sun tsallake wani mutum guda, wanda ba ya zuwa awo, ba ya zama a taron zumuntar mata, amma a hannunsa abincin gidan yake. Shi ne maigida.

A ƙauyuka da yawa na Maraɗi da Katsina al'ada ita ce, in an gama kaka maigida ya liƙe rumbun gandu, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. Cikin rani mace takan ci da kanta da 'ya'yanta daga abin da ta samu a gayaunarta, wadda mutanen Maraɗi suke kira gamana, da ɗan abin da sana'arta ta kawo. Kakanninmu ba don mugunta suka kafa wannan ba. Sun san in aka cinye hatsi da rani, ba mai ƙarfin riƙe fartanya da damina. Amma zamanin da aka kafa al'adar gonaki suna da faɗi. Yanzu gādo ya yayyanka su, mata da yawa ba su da ko taki ɗaya na gayauna, al'adar liƙe rumbu kuwa tana nan. Maigida ya liƙe ya tafi cin rani Kano ko Legas, wani ma ya bi ta Agadas har Sabha ta ƙasar Libiya, saƙonsa yakan zo wani wata, wani wata shiru. Matar da ya bari ita ce za a zaunar a kan benci a nuna mata hoton ƙwai.

Ko a gidan da maigida yake nan, mu dubi yadda ake rabo. Tsokar da ke cikin miya akushin wa take tafiya? Yara biyar suna kewaye da ƙwarya ɗaya, ɗan shekara ɗaya da rabi yana cikinsu, kafin ya kai loma biyu manya sun suɗe. Ƙwan da aka hana shi don kada ya yi sata, an kai kasuwa, mai shayi ya soya, ubansa ya saya ya ci da burodi a bakin titi. Da kaka akan sayar da gyaɗa da wake kaf saboda biki ko ɗinkin Kirsimeti, a wasu gidajen ma dawa ta tafi tukunyar burkutu, sa'an nan da marka a komo a sayi hatsin nan da ninkin kuɗi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A arewa maso yamma kuwa, inda ake noman da ke ciyar da ƙasar, 57 ne cikin 100. Talauci yana da babban kaso a wannan lissafi, amma yadda ake rabo cikin gida ma yana da nasa.

Ranar da yaro ya kwanta kuwa, wa ake zagi? Uwar. A asibiti a ce ta yi sakaci, a gida uwar miji ta ce nononta ne ba shi da kyau, ko kuwa ita ta yi kwanika, sai ka ce ita kaɗai ta yi cikin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A nan ne koyarwa take zama ba'a: sa'ad da aka ɗora wa mace nauyin sani, aka bar iko a hannun wanda ba a koya masa kome ba.

Maganar Allah ba ta bar mai iko ya kuɓuce haka ba. Ta bakin annabi Ezekiyel, a sura ta 34, Ubangiji ya yi fushi da makiyayan da suke kiwon kansu, suna cin kitse, suka bar raunana cikin garke ba mai kula da su. Maigida makiyayi ne a gidansa. Manzo Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa mutumin da ya ƙi kula da iyalinsa ya yi musun bangaskiyarsa da aikinsa. Yusufu ma da ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, ya tara ne domin ya buɗe ranar yunwa. Tanadin da ya bar yaro ya tsumbure a gindin rumbu ya ɓata dalilin da ya sa aka yi shi.

Na san wani zai ce, malam, ni ban liƙe kome ba, rumbun ne ba kome a ciki. Gaskiya ne, akwai iyaye maza da yawa masu fita da asuba da ciki wayam domin yara su sami na koko. Irin waɗannan ba tsawa suke bukata ba. Nauyinsu ya dawo kanmu, mu jama'ar masu bi.

Aikin ikilisiya

A Ayyukan Manzanni sura ta 6, gunaguni na farko da ya tashi cikin ikilisiya a kan rabon abinci ne, domin ana tsallake waɗansu gwauraye mata. Manzanni ba su ce wannan maganar duniya ce ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida aka ɗora su a kan aikin, dukansu kuwa maza ne, har da Istifanas. Ashe maganar tukunya ba ta fi ƙarfin namiji mai tsoron Allah ba, ba ta kuma yi masa ƙanƙanta ba.

Muna da misalai na kusa da za mu koya daga gare su. A jihohin Borno da Yobe, ƙungiyar agaji ta Katolika, watau CRS, ta yi amfani da garin kunun da ake kira Tom Brown domin yaran da suka soma ramewa. Haɗinsa mudu 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara, da mudu 3 na waken suya, da mudu 1 na gyaɗa, a gyara, a soya sama-sama, a niƙa tare. Mata sukan taru a gidan ɗaya daga cikinsu su haɗa garin da hannunsu, kowace ta ɗauki rabon ɗanta na mako. An ba su kayan, an kuma koya musu, har in agajin ya ƙare sanin yana nan, kayan kuma duk na gonakinmu ne.

A Mirya ta jihar Damagaram kuwa, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan madaurin awon nan mai launi uku. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, yaron yana cikin hatsari. Rawaya gargaɗi ne, kore kuwa lafiya. Binciken da aka yi a can a 2013 da 2014 ya nuna matan, waɗanda yawancinsu ba su yi makaranta ba, ba su gaza ma'aikatan lafiya na ƙauye wajen gano tamowa ba. Mace ta daina zama wadda ake tuhuma, ta zama mai tsaro.

Me zai hana kowace ikilisiya, ko ta ƙauye ce mai rufin ciyawa, ta yi nata gwargwadon ƙarfinta? Koyarwar abincin yara ta shiga taron zumuntar maza, da ajin masu shirin aure, yadda ango zai ji da kunnensa cewa dakashi magani ne, ƙwai kuma ba ya koya wa yaro sata. Maigidan da zai tafi cin rani ya zauna da matarsa su auna abin da zai ishe yara kafin ya liƙe sauran. Ƙaramin yaro ya sami ɗan kwanonsa dabam, babba ya zauna kusa da shi har ya ƙoshi. Daga hatsin da muke kawowa ranar godiyar kaka, dattawa su ware wani kashi, da wake da gyaɗa, kada a yi gwanjonsa duka, a ajiye har Yuli da Agusta sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. In zumuntar mata za su koyar da dama kunu, a dama shi a harabar majami'a, yara su sha, kowace uwa ta tafi da gari a ƙulle, gama gani ya kori ji. Kada kuma a tambayi yaro addinin ubansa kafin a miƙa masa ludayi. Maƙwabtanmu Musulmi da mu rana ɗaya take dukanmu, kasuwa ɗaya muke ci.

Sai gargaɗi biyu. In madauri ya nuna ja, ko ƙafafun yaro biyu suka kumbura har ka danna da yatsa gurbin ya zauna, wannan ya wuce kunu. A yi addu'a, a kuma ɗauke shi a kai asibiti a ranar, gama Allah da muke roƙo shi ne ya ba likita sani. Na biyu, ƙunshin gyaɗar nan da ake ba masu tamowa magani ne da aka auna wa yaro guda. Babban da ya shanye shi, ko ya kai shi kasuwa, ya ɗauki ran yaro ya sayar, ko da bai yi nufin haka ba.

Kammalawa

Yanzu za mu iya amsa tambayarmu. Koyar da mai jin yunwa jinƙai ne idan mai koyarwa ya zo da mudunsa a hannu, ya kuma kai darasin har kunnen mai buɗe rumbu. In ya zo hannu wofi, ya zaunar da mace ita kaɗai ya lissafa mata laifofinta, to, ya ƙara mata kaya ne a kan wanda take ɗauke da shi, Allah kuwa yana gani.

Sa'ad da Ubangijinmu Yesu ya ta da 'yar Yayirus daga matattu, gida ya ruɗe da mamaki, amma shi bai manta yarinyar tana bukatar abinci ba. Ya umarta a ba ta, uwar da uban kuwa duka suna tsaye a ɗakin. Shi ya yi abin da ba mai iyawa, ya bar wa iyaye abin da suke iyawa. Kai maigida da kake karanta wannan, in an kawo maka akushi yau da dare, kafin ka sa hannu ka tambaya me autan gidan ya ci, sau nawa kuma ya ci. In amsar ba ta gamshe ka ba, kana da iko ka gyara tun daga akushin da ke gabanka.

Allah ya ba mu zuciyar makiyayi na gari, ya raya mana 'ya'yanmu, ya sa albarka a rumbunanmu. Amin.